Filin jirgin Langkawi, da tsohuwa a hannu

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane da ke karatu a arewacin Malesiya ba ya rasa jin sunan Langkawi. Mu nan Kebbi irin waɗannan suna da yawa, don malaman poli da na jami'a da dama can suka yo digirin digirgir, kuma da wuya mutum ya gama ya dawo gida bai ɗauki hoto a bakin ruwan tsibirin nan ba. Tun da na dawo Argungu mutane ke tsayawa a bakin injin casata suna tambaya, kuma ba tsibirin ne ya dame su ba, hanyar shigarsa ce. Ana iya kai tsoho? Akwai wahala? Ta sama ko ta ruwa? Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani a filin jirgin saman wurin, tunda da tsohuwa na bi ta cikinsa, shiga da fita. Ni a wurina ba a sanin kirkin filin jirgi sai an bi shi da mai ciwon gwiwa.

Autanmu ne ya gama a jami'ar UUM da ke Sintok, cikin jihar Kedah, dab da iyakar Tailan, muka je bikin yaye su ni da Inna. Langkawi ma ƙasar Kedah ce: tarin tsibirai ne guda 99, kimanin kilomita 30 daga gaɓa, babban cikinsu shi ne wanda ake zuwa. Ɗalibai ta ruwa suke bi, daga Kuala Perlis awa ɗaya da 'yan mintuna, daga Kuala Kedah kuma wajen awa biyu ba kwata, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Auta ya kawo wannan shawarar yana ganin ai an gama, don Inna 'yar Sarkawa ce, a cikin kwalekwale ta yi wayo. Ta dube shi ta ce, "Auta, gulbi daban, teku daban. Ni ba ni shiga ruwan da ban ga gaɓatai ba." Magana ta ƙare. Sai da muka gangara Kuala Lumpur muka gama 'yan hidimominmu, sannan muka hau jirgin sama, tafiyar awa guda.

Ta kan teku muka shigo. Jirgin ya yi ta yin ƙasa-ƙasa a kan ruwa, ƙananan tsibirai kore shar suna wucewa, har mutum ya fara tambayar kansa ina matuƙin nan ya nufa, sai kwatsam ga kwalta. Kan titin jirgin na kudu a bakin ruwa yake, ɗaya kan kuma yana fuskantar tuddai. Wanda ya zauna a tagar dama zai ga farin yashin Pantai Cenang da otal-otal ɗinsa, na hagu kuma zai ga jerin dutsen Mat Cincang, baƙi wuluk da itatuwa, kansa a cikin gajimare. Ni hagu nake ba mutum shawara. Wanda ya tashi a fadamar Argungu, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba, in ya ga dutse ya miƙe tsaye daga cikin teku sai ya ji wani iri a ƙirjinsa. Inna ba ta ga ko ɗaya ba, idonta a rufe tana jan tasbaha. Sai da taya ta taɓa ƙasa ta leƙa taga, ta juya wajen Auta, don ni ɗan fari ne, ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai wani a kusa, ta ce, "Ashe su ma shinkahwa su ka noma." Da gaskiyarta. Fangalolin shinkafa ne a kewayen filin, ga ɓauna a cikin taɓo, ga balbelu na bin su.

Abu na farko da mai tafiya da tsoho ya kamata ya sani shi ne babu gadar nan mai rufi da ake jonawa a ƙofar jirgi. Matakala ake turowa, ka sauko, ka taka da ƙafarka zuwa gini. Ga mai lafiya wannan daɗi ne ma: iska mai ɗumi da laima ta buge ka, ka ɗaga kai ka ga duwatsu, masu yawon buɗe ido suna tsayawa ɗaukar hoto ma'aikata na kaɗa su gaba. Ga mai ciwon gwiwa kuwa, matakalar nan ita ce duk jarrabawar. Auta ya nemi keken marasa lafiya tun lokacin sayen tikiti, kuma dabarar kenan, a faɗa da wuri. A kuma bambance musu ko mutumin yana iya hawa matakala ko ba ya iyawa sam, domin a wurinsu buƙata biyu ce, kowace da irin tanadin da ake yi mata. Mu mun ce tana iyawa a hankali. Aka bar mu a zaune sai da kowa ya fita. Na riƙe ta ta hagu, wata yarinya ma'aikaciya mai lulluɓi ta riƙe ta ta dama, taki ɗaya a huta, taki ɗaya a huta, babu wanda ya nuna mana gaggawa. A gindin matakala keke na jira. Daga nan zuwa ƙofar gini 'yar tafiya ce, ko addu'ar sauka ba ta gama ba muka shiga inuwa.

A nan ne ƙanƙantar wurin ta zama alheri. A babban filin Kuala Lumpur, daga inda ka ba da kaya zuwa ƙofar jirgi tafiya ce ta gaske, ka wuce shaguna, ka sauka, ka hau, ka sake miƙewa. A Langkawi gini ɗaya ne, kuma duk abin da matafiyi ke buƙata a ƙasa yake. Kana shiga ga inda kaya ke fitowa, kana ɗauka ga ƙofar waje kana hango ta. Akwatunanmu sun riga mu isowa, suna ta zagaye a kan bel. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Da yake daga cikin ƙasa muka taso, babu layin shige da fice, babu mai buga fasfo. Waɗanda suka zo kai tsaye daga waje, kamar Singafo, ko Dubai da flydubai ya fara kawowa a 2024, su ne ake dubawa a nan. Ɗan Najeriya dai sai da biza tun daga gida, da katin rigakafin shawara, da takardar isowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin a sauka ƙasar. Duk wannan a Kuala Lumpur muka gama da shi, amma fasfo kada ya bar aljihu, ana tambayarsa a wurin shiga jirgi da kuma otal.

Sai masu hayar mota. Tun kana jiran kaya za ka ji su, jerin kantoci ne a gefe, kowa na ɗaga hannu yana kira yana faɗin farashi, sak 'yan kamasho a tashar mota ranar kasuwa, sai dai su ba sa fizgar jaka. Kada mutum ya raina su, don tsibirin ba shi da motocin bas na haya irin wanda aka saba, abin hawa uku ne: tasi, Grab da ake kira ta waya, ko ka ɗauki mota ka tuƙa kanka. Tasi akwai kantarta, ka faɗi inda za ka, a gaya maka kuɗin tun kafin ka shiga, babu musu a hanya. Zuwa Cenang minti 10 ne, zuwa Kuah, babban garin, minti 25 ko kusa da haka. Mu da tsohuwa mota muka ga ta fi. Ana ciniki sosai. Wani ya fara mana da ringit 150 a kwana (ringit ne kuɗin ƙasar), na ce wa Auta ya ja baya ya bar ni da shi, ai ciniki ba digiri ba ne. Na yi kamar zan matsa kanta ta gaba, sai ga shi mun tsaya a ƙasa da 100. Amma araha ba ta ado. Da muka fita wajen ajiye motoci, ba motar da ke cikin hoton ya kawo ba, wata ce da ta sha jiki, allurar mai tana kwance a kan ja, taya ɗaya ta gaba ta suɗe. Na ce ba za mu hau dutse da wannan ba. Ya yi 'yan ƙunƙuni da yarensu, ya tafi ya dawo da wata. Wanda zai ɗauka, ya zagaya motar da waya yana ɗaukar bidiyo a gaban mai ita, duk inda ta ƙuje ko ta lotsa ya nuna, ya ɗauki allurar mai, a kuma rubuta masa kuɗin ajiyar da ya bayar da inda zai mayar da makulli. Gidan mai yana nan kusa, can za ka fara zuwa ko kana so ko ba ka so.

Hannun hagu suke bi, sitiyari a dama. Auta ne ya tuƙa don shi ke da lasisin ƙasar, ni kuma na zauna a gefen da na saba ganin direba ina ta taka birkin da babu shi. Inna ce kawai abin bai dama ba. Ta ce ai haka ake bi a nan ma kafin canjin hannu na 1972, tana amarya a lokacin, ta tuna yadda aka yi ta shela a rediyo. "Ku yara na, ba ku ga komi ba."

Kafin mu bar ginin mun yi sallah, kuma a nan ba ni da abin faɗa sai yabo. Ɗakin sallah na maza daban, na mata daban, kowanne da famfunan alwalarsa a jiki, ƙasa a goge, takalma a jere a waje. A na mata an rataye farin lulluɓin sallar da matansu ke sawa, duk mai buƙata ta ɗauka ta mayar. Bayan gida akwai tiyo a kowane ɗaki, don haka butar da Inna ta matsa sai an sa mata a akwati tun daga Argungu ba ta fito ba. Abin da ya ɗan rikita ta alƙibla ce. Mu nan gabas muke kallo, su kuwa Makka tana yamma da su, an ɗan karkata arewa, sai ka ga kana sallar la'asar rana na gabanka. Akwai kibiya da ke nunawa, ita za a bi. Shafi'iyya ne su, ba Malikiyya ba, za ka ga 'yan bambance-bambance amma babu mai kallon wani. Agogonsu yana gaba da namu da awa 7, kuma magariba ba ta yi sai bakwai ta wuce.

Abinci a cikin filin yana da tsada kaɗan, kamar ko'ina, kuma bai kai na waje daɗi ba. In yunwa ba ta matsa ba a haƙura. Shagunan kuma akwai abin lura. Tsibirin ba a biyan haraji a kan kaya da yawa, saboda haka giya tana nan a jere a fili cikin wasu shaguna, kusa da turare da cakulan. Babu mai tura maka, amma a kula da yara, a kuma karanta jikin kwalin cakulan kafin a saya, don akwai wanda ake zuba giya a cikinsa. Tambarin halal na hukumarsu ta JAKIM shi ake dubawa. A cikin garin Kuah akwai manyan shagunan Musulmi da ba sa ajiye giya ko kaɗan, can matan Malesiya ke yin dafifi.

Garin da filin yake sunansa Padang Matsirat, kuma yawancin baƙi wucewa suke yi ta cikinsa ba su tsaya ba, hankalinsu na bakin ruwa. Ni kuwa can na fi daɗewa, sana'a ta ja ni. Kedah ita ce rumbun shinkafar Malesiya. A can babban yankin, aikin ban ruwa na Muda da aka gama wajen 1970 yana shayar da kusan hekta 100,000, ana girbi sau biyu a shekara. Gonakin tsibirin ƙanana ne, amma na tsaya na duba: kunyoyin a miƙe, ruwa daidai wa daida a kowane fangali, ƙaramar motar girbi na shiga har tsakiyar taɓo. Shinkafarsu farar casa ce, ba sa turara ta kamar yadda matanmu ke yi, shi ya sa take da laushi da danƙo, Inna ta ce ta tuwo ce ba ta dafa-duka ba.

'Yan mintuna daga ƙofar filin akwai wani wuri da ake kira Beras Terbakar, inda aka ƙona shinkafa. A 1821 sojojin Siyam, Tailan ta yau, suka mamaye Kedah, yaƙin ya ƙetaro har tsibirin. Da mutanen suka ga ba za su iya tare su ba, sai shugabansu ya sa aka tara abincin garin aka cinna masa wuta, don kada abokan gaba su samu abin ci. Mutanen wurin na cewa har yau in an yi ruwa mai ƙarfi baƙaƙen ƙwayoyi kan fito daga ƙasa, kuma an ajiye wasu a gilashi ana nuna wa baƙi. Wurin kansa ba wani abin kallo ba ne, ɗan fili ne a bayan gidaje, sai ka ratsa rumfunan masu sayar da atamfar batik kafin ka kai. Amma wanda ya san wahalar buhu ɗaya na samfarera, daga dashe zuwa korar tsuntsu zuwa bugu, ya san abin da ake nufi da mutum ya sa wa rumbunsa wuta da hannunsa. Na daɗe a tsaye a wurin fiye da yadda Auta ya so. A nan kusa ake cin kasuwar dare ran Lahadi, don kasuwar zagayawa take yi, kowane gari da ranarsa. Tsirensu na kaza da miyar gyaɗa, gasasshen kifi a ganyen ayaba, shinkafa da madarar kwakwa, duk da 'yan ringit kaɗan. Wanda jirginsa ya sauka Lahadi da yamma ya yi sa'a.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai tun muna sauka: gini ɗan ƙarami, titin jirgi kuwa mita 3,810, wanda manyan jirage ke iya sauka a kai. Auta ne ya warware mini. A 1987 aka buɗe filin, a shekarar kuma aka ɗauke wa tsibirin haraji, zamanin Firaminista Mahathir Mohamad, wanda shi kansa ɗan Kedah ne, ya taɓa aikin likita a tsibirin yana matashi, daga baya ma ya wakilce shi a majalisa a 2018. Kafin nan masunta ne da manoma, ba kowa ke zuwa ba. Daga 1991 aka fara baje kolin jiragen sama da na ruwa da ake kira LIMA, duk bayan shekara 2, kuma zauren da ake yin sa yana manne da filin. Na 2023 da na 2025 duk a watan Mayu aka yi. A makon nan jiragen yaƙi ke wasa a sama, ana sauya lokutan jiragen fasinja, otal kuma sai wanda ya riga, don haka mai zuwa hutu ya duba kalanda ya kauce masa. Ginin an faɗaɗa shi a 2018, daga ɗaukar mutum miliyan 1.5 a shekara zuwa miliyan 4, kuma ya sha karɓar lambar yabo ta ƙungiyar filayen jiragen sama ta duniya a rukunin masu girmansa.

Duwatsun da ka gani ta taga duk suna kusa. Gunung Raya, mafi tsawo, mita 881, ana hawansa da mota a kan titi mai lanƙwasa, birai na zaune a gefe suna jiran wanda zai buɗe gilashi. Mat Cincang kuma wajen minti 20 ne daga filin, a cikin akwatunan gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe ake hawa, har sama da mita 700, a can kuma ga wata gada mai tsawon mita 125 an rataye ta a kan kwazazzabo. Duwatsun nan sun haura shekara miliyan 500 a lissafin masana, suna cikin dalilin da ya sa UNESCO ta sa tsibirin a jerin wuraren da duwatsunsu ke nuna tarihin doron ƙasa a 2007, na farko a kudu maso gabashin Asiya. A je da safe, kafin gajimare ya rufe kan dutsen, kuma in iska ta yi ƙarfi tsayar da igiyar suke yi. Inna ta kalli akwatunan na lilo a sama ta ce mu gaishe su, ta zauna a ƙasa da matar Auta suna shan ruwan kwakwa.

Ba zan ɓoye ba, ina can ina tuna namu na Ambursa, filin Sir Ahmadu Bello da aka gina zamanin Gwamna Sa'idu Dakingari, wanda nake wucewa duk ranar da zan shiga Birnin Kebbi. Daga can jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a watan Mayun 2024, ke nan manyan jirage na sauka. Bambancin da na gani ba na gini ba ne. Su abin da ke kawo mutane yana nan kowace rana ta Allah, mu kuma lokaci-lokaci ne, aikin Hajji da bikin kamun kifi. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta karɓe shi a 2016, ga gidan tarihi na Kanta, ga Matan Fada, ga fadama da ba ta da iyaka. Abin da na yi sha'awa a can ƙananan abubuwa ne da ba sa cin biliyoyi: kanta ɗaya mai rubutaccen kuɗin mota zuwa kowane gari, taswira kyauta a bakin ƙofa, da shagon da ke sayar da abin da ƙasar ke yi. A nasu man gamat ne, wanda ake haɗawa da wata halittar teku, ana shafawa a ciwon gaɓoɓi, Inna ta sayi kwalabe har da na rabo. A namu da shinkafar Kebbi ce a ƙananan buhuna da busasshen kifin Yawuri.

Fita ta fi shiga aiki, kuma kaya ne dalili. Uwargida ta ba ni saƙo tun daga gida, rubutacce: farantan Corelle marasa saurin fashewa, kwanonin Pyrex, da cakulan na yara. Matar Auta ta ƙara nata a kai. Kayan nan sun fi araha a tsibirin, amma tangaran nauyi gare shi. Tikitin jiragen araha kilo 7 kawai yake ba ka na riƙewa a hannu, sauran sai ka saya, kuma sayensa ta waya tun kafin ranar tafiya ya fi sauƙi ƙwarai a kan a kanta. Kada mutum ya ce ai tikitinsa na komawa Najeriya yana da akwati biyu. In tikitin Langkawi daban aka yanka, lissafinsa daban ne. Auta ya san wannan, ya saya mana kilo tun da dare, muka auna a sikelin otal. A gabanmu wasu iyali sun baje akwati a ƙasa, ana fitar da kwalaye ana cusawa a jakar hannu, maigidan na share gumi, matar na kallon gefe. Sannan akwai 'yan kwastan, ko da cikin ƙasa za ka, domin fita kake daga inda babu haraji zuwa inda akwai. Ƙa'idarsu sai ka yi awa 48 a tsibirin kafin ka samu rangwamen, kuma yana da iyaka. Kayan amfanin gida ba su tsaya a kansu ba, suka sa a na'ura suka ce mu wuce. Wanda ya ɗauko na kasuwanci kwali-kwali ya ajiye rasit a kusa.

Ranar da muka tashi hadari ya haɗo da la'asar, irin ruwan Satumba da Oktoba nasu da ke zubowa kamar da bakin ƙwarya. Jirgin da zai ɗauke mu bai iso ba, kamfanin kuma bai ce uffan ba sai da lokacin tashi ya wuce, sannan aka canza lamba a allo. Wurin jira ya cika, don jirage biyu ko uku sun haɗu, wasu na zaune a kan jakunkunansu. Wani saurayi ya tashi ya ba Inna kujera ba tare da an roƙe shi ba. Keken da muka nema ma sai da Auta ya koma kantar kamfanin ya tuna musu, ashe ba su tura sunanmu ba. Da aka kira shiga ruwan bai ɗauke duka ba. A bakin ƙofa ana miƙa wa kowa lema, ka taka zuwa jirgi, a gindin matakala wani ya karɓa. Dabara ce mai kyau, amma matakalar ƙarfe in ta jiƙe santsi gare ta, kuma hawa ya fi sauka wuya ga mai gwiwa. Mu biyu muka ɗaga ta kusan cak, tana cewa, "Ku yi sannu, ba buhu ku ka ɗauka ba." A lokacin damina, in tsohon bai da ƙarfin ƙafa sosai, a rubuta tun farko cewa ba ya iya matakala, a bar su su yi nasu tanadin.

Saboda irin wannan jinkirin, kada a haɗa jirgin Langkawi da na komawa gida a ƙure. A bar awanni masu yawa a tsakani, ko ma a kwana a Kuala Lumpur, musamman da yake filin can gini biyu ne masu nisa da juna, ana iya sauke ka a ɗaya jirginka na gaba yana ɗayan. A lura da ranaku kuma. Hutun mako a Kedah Juma'a da Asabar ne, a Kuala Lumpur Asabar da Lahadi, saboda haka daga yammacin Alhamis har daren Lahadi wurin a cike yake, tikiti ma ya fi tsada, balle in an yi hutun makaranta. Talata ko Laraba da safe ka ga filin fayau. Mai son rana da ruwa kwance ya nufi Disamba zuwa Maris.

Ɗalibin da ke Sintok shi kaɗai da jakar goyo ba shi da dalilin gangarawa Kuala Lumpur don ya hau jirgi, Kuala Perlis na kusa da shi, ya bi ruwa ya ajiye kuɗinsa. Mai iyali da ya taso daga Kuala Lumpur ko Penang, ko mai tsoho, ko mai jin jiri a kan ruwa, ya bi ta sama. Ya nemi keke tun wurin sayen tikiti, ya sake tuna musu a kanta ranar tafiya, man gamat kuma ya sa shi a akwatin da za a auna, don a jirgin ƙetare ba za a bar shi ya wuce da manyan kwalabe a jakar hannu ba.